Gidan Shiru na Sarki Jatau

A shekarar da Sarki Jatau ya rasu aka naɗa ɗan ƙanensa Barmo sarautar Darmasau, gero ya yi kyau, kogin Tarka ya cika ya janye lafiya, amma mutanen birni ba su saki jiki ba. Sun riga sun saba da rage murya in za su yi magana, ko da a cikin ɗakunansu ne. Dalili kuwa wani gida ne a bayan fada, mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya tak, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Gidan Shiru. Can marigayi Jatau yake sa a kai duk wanda 'yan leƙen asirinsa suka nuna, a tambaye shi. Shamaki Barau, babban bawan Sarki, shi ke riƙe da gidan da ma'aikatansa. Abin da ake yi a ciki ba a faɗa, sai dai an ga waɗanda suka fito: wani hannu a shanye, wani ba ya iya haɗa ido da kowa, wani ya yi ta tari har kabari saboda hayaƙin barkono. Da yawa kuwa ba su fito ba.

Madawaki Gagare, wanda ke jagorantar rundunar Darmasau, ya san gidan daga bakin ƙofa kawai, bai taɓa yarda ya taka cikinsa ba. Amma shi ne da hannunsa ya kama Ubandawaki Korau, abokinsa tun suna koyon hawa, ya miƙa shi ga Shamaki, ranar da aka ce wani fursuna ya ambaci sunansa cikin masu sayar da birni ga mutanen Kurgai, abokan gabar Darmasau. Korau bai fito ba. Tun daga ranar Madawaki yake gaya wa kansa cewa abin da aka yi daidai ne, don in ba daidai ba ne bai san inda zai sa kansa ba.

Da safiyar ranar da sabon Sarki ya kira majalisa kan maganar gidan, aka wayi gari ungulaye sun jeru a kan katangarsa, ba mushe kusa, ba mahauta. Wani malamin fada ya ce jinin da aka zubar ne yake neman hakkinsa. Wani ya ce a'a, gargaɗi ne ga mai niyyar tona abin da aka rufe. Madawaki ya ji duka biyun a hanyarsa ta shiga soro, ya lura kowane malami ya faɗi abin da ubangidansa ke son ji.

Sarki Barmo ya zauna a kan gado, rawani ya rufe masa rabin fuska. Saurayi ne mai yawan sauraro, har yanzu fadawa ba su gane inda zuciyarsa take ba. Bayan an yi gaisuwa kowa ya koma mazauninsa, ya ce, "Gwaggona Magajiya ta kawo magana. Na ce ta faɗe ta a gabanku, don kada a ce an yi ta a ɗaka."

Magajiya Yada ƙanwar marigayi Jatau ce, tsohuwa mai sarauta a kan matan birni, kuma ita kaɗai ce mace mai zama a majalisa. Ta gyara mayafi, ba ta ɗaga murya ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Jatau yayana ne, nono ɗaya muka sha, ba wanda zai koya mini son sa. Amma tun da aka binne shi ƙofata ba ta rabu da mata ba. Wannan ta ce mijinta aka ɗauka daga kasuwa, waccan ta ce ɗanta aka ɗauka daga gona. Ba diyya suke nema ba, so suke a gaya musu abin da aka tuhume su da shi, da inda aka sa gawarsu. Ni roƙona, a buɗe gidan nan da rana tsaka. A zaunar da Shamaki da mutanensa gaban alƙali, a tambaye su: wa ya kawo suna, me aka yi wa mai sunan, me ya faɗa kafin a taɓa shi, me ya faɗa bayan an taɓa shi. In gidan ya tsare birni ne, mu sani. In cinye shi yake yi, mu sani."

Madawaki ya bi fuskoki da kallo. Galadima ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen rigarsa. Ma'aji ya kafa wa rufi ido. Waziri Anaruwa, wanda ya yi wa Jatau wazirci kuma aka bar shi a kan muƙaminsa, yana jan carbi a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai. Nan Madawaki ya tuna cewa kusan kowa a soron nan ya taɓa raɗa wa Jatau sunan wani. Wasu don tsoro, wasu don gona ko mata ko sarauta. Shi dai bai kai sunan kowa ba, amma ya kai mutum.

Ya miƙe ya faɗi gaisuwa. "Zaki, ka daɗe. Magajiya uwa ce, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Amma ni mutumin daji ne, abin da na gani zan faɗa. Mutanen Kurgai suna tara dawaki, kowa ya sani, da an gama girbi za su taso. Idanuna a ƙasarsu su ne mutanen Shamaki: fatake, wanzamai, masu tallan magani. In suka ji yau an ɗaure ubangidansu ana tuhumarsa kan aikin da Sarki ya sa shi, wa zai sake sa wuyansa saboda mu? Bawa ba ya ƙin umarni. In akwai laifi, na wanda ya ba da umarni ne, shi kuwa yana gaban wanda ya fi mu iya hukunci. Kuma a tuna, da ba don gidan nan ba, da an buɗe wa Kurgai ƙofar arewa muna barci, shekarar Korau."

"Kai ka ga Korau yana buɗe ƙofa?" in ji Magajiya.

"Ya amsa da bakinsa."

"Bayan an yi masa me?"

Madawaki ya koma mazauninsa ya zauna.

Sai Waziri ya ajiye carbi. "Allah ya taimaki Sarki. Ni ban ƙi bincike ba, ban kuma so shi ba. Tambaya ɗaya gare ni: ina zai tsaya? In aka tambayi Shamaki, zai ce Sarki ya sa shi. In aka ce wa ya ba Sarki shawara, zai nuna majalisa. Gobe kuma wanda zai gaji Sarki Barmo, Allah ya nisanta, zai ce shi ma a tono masa abin da aka yi a wannan zamani. Sai ya zama kowace sarauta ta fara da shari'ar wadda ta gabace ta. Akwai kuma masu cewa, ba ni na faɗa ba, wasu na son binciken nan ne don a share mutanen marigayi daga fada, a cika gurbinsu."

"Faɗi sunan masu cewa, Anaruwa," in ji Magajiya. "Ko kuwa ka saba kai magana ba mai ita?"

Galadima ya ɗaga kai zai sa baki, Ma'aji ya riga shi, murya ta hau murya, har Sarkin Dogarai ya buga sanda a ƙasa. Ana cikin haka aka yi sallama, aka ce Shamaki Barau na neman iso da labarin gaggawa.

Ya shigo, gajere, mai tattausar murya, rigarsa fara fes. Ya zube ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, mutanena sun kama wani ɗan Kurgai a kasuwar gishiri, ya yi shigar falke. Da farko ya yi gardama. Da safen nan ya buɗe baki. Rundunarsu ba za ta jira ƙarshen girbi ba, ta riga ta taso. Ta Mashigin Kada za su ƙetare."

Magajiya ta yi wata gajeriyar dariya. "Yau ake maganar gidanka, yau kuma gidanka ya ceci birni. Allah mai iko."

Shamaki bai ko dube ta ba. Madawaki kansa ya ji abin ya tsaya masa a rai, don dacewar ta yi yawa. Amma ya san Mashigin Kada: in runduna ta ƙetare nan, babu abin da zai tare ta sai ganuwar birni. Ba labarin da mai yaƙi zai yi wasa da shi ba ne.

Sai Sarki ya ce, "Madawaki, ka ɗauki runduna ka tare mashigi. Maganar Gidan Shiru na jingine ta har ka dawo. Ban kashe ta ba, Gwaggo, na jingine ta. Kafin nan kada a shigar da kowa gidan, kada a fitar da kowa, kada kuma a taɓa Shamaki." Ya dubi Madawaki ido cikin ido. "Ka yi ƙoƙari wajen kare gidan nan yau. Na lura."

Madawaki ya fita yana juya kalmar nan ta ƙarshe, bai gane ko yabo ba ce ko wani abu.

Aka buga tambari, aka busa ƙaho, runduna ta fita ta ƙofar gabas: 'yan lifidi a gaba, 'yan baka da dakaru a baya. Suka kafa sansani a tudun da ke kallon Mashigin Kada, suka yi ta jira. Ruwa na gudu, kadoji na shan hantsi a kan yashi, hayin kogi ba ko tsuntsu da ya tashi a firgice. Barade suka fara ƙorafi a ɓoye. Madawaki ya kasa zama. Ya kira magewayansa, nasa na kansa, waɗanda ba su da alaƙa da Shamaki, ya ce su bi kogi sama da ƙasa su dubo masa.

Na sama ne suka dawo a sukwane da hantsi, dawakinsu na kumfa. Rundunar Kurgai ta riga ta ƙetare ta wajen duwatsun Marke, inda ruwa ya janye, tana ratsa gonakin yamma ta nufi birni, birnin da ba kowa a cikinsa sai dogarai da tsofaffi.

Madawaki bai tsaya zagin kowa ba. Ya bar kaya da alfadarai a sansani, ya juya dawaki. Suka yi ta gudu cikin rana har dawaki suka fara faɗuwa, dakaru suka rage a baya. A fadamar Rimaye suka cim ma abokan gaba, a gajiye, ba a jere ba. Mutanen Kurgai suka juyo suka sakar musu kibau kamar ruwan sama, sahun farko na 'yan lifidi ya zube, dawaki suna birgima cikin karan dawa da ba a girbe ba. Sau biyu Darmasau ta kai hari ana mayar da ita. Wani mashi ya tsaga wa Madawaki cinya, ya ɗaure da rawaninsa ya sake hawa. Abin da ya cece su shi ne 'yan baka da suka iso a makare, suka bi ta cikin rimaye suka ɓullo wa Kurgai ta gefe. Da la'asar sahun abokan gaba ya karye, suka watse suka nufi kogi, aka bi su ana sara. An ci nasara, amma da aka zo tattara gawa, Madawaki ya ga fuskokin da ya sani tun suna goye, ya kasa ci gaba da dubawa.

Cikin waɗanda aka kama akwai Barde Duna, ɗaya daga manyan jarumawan Kurgai, dattijo mai furfura, kibiya a kafaɗa. Madawaki ya sa aka cire masa kibiyar, aka ba shi ruwa, aka zaunar da shi a inuwa.

"Ba za ka sa a hura mini barkono ba?" in ji Duna.

"Ni ba Shamaki ba ne. Tambaya ɗaya zan yi maka, in ka so ka amsa. Mutumin da muka kama a kasuwar gishiri, naku ne?"

"Namu ne. Mu muka aiko shi don ku kama shi." Duna ya kurɓi ruwa. "Mun daɗe da gane halin gidanku, Madawaki. Ba ku yarda da maganar da mutum ya faɗa a zaune, sai wadda ya faɗa yana kuka. To, sai mu zaɓi wanda ya yi laifin kisa a wurinmu, mu yi masa alkawarin za a riƙe 'ya'yansa, mu koya masa abin da zai faɗa. Mu ce ya daure har sai ya ji ba zai iya ba, sannan ya saki. Da ya saki, ku kuma sai ku ɗauka kun haƙo gaskiya."

Madawaki ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar zamanin Jatau. Akwai wani Ubandawakinku da ya hana mu sakat a iyakar arewa, ya ƙone mana sansani har sau nawa. Mun rasa yadda za mu yi da shi a fagen fama. Sai muka aiko muku da sunansa."

Madawaki ya tashi ya yi 'yan taku, ya dafa wani rimi, ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Baradensa suka ga kafaɗunsa na rawa, ba wanda ya matso. Da ya dawo sai ya ce, "Ƙila ƙarya kake, don ka raba kanmu."

"Ƙila," in ji Duna. "Amma akwai abin da ni ma ban sani ba. Mutanenmu ba sa faɗawa hannunku da kansu. Akwai mai nuna su a cikin birninku, a daidai lokacin da ake so. Sarkinmu kaɗai ya san ko wane ne. Ka tambayi Shamakinku wa ke kawo masa su."

A nan take Madawaki ya kira manzo. Ya ce ya yi gaba ya gaya wa Sarki an ci nasara, kuma Madawaki ya janye maganarsa ta majalisa: a buɗe Gidan Shiru, a tsare Shamaki da kyau, ga shi nan tafe da shaida mai rai. Sai bayan ƙurar dokin manzon ta ɓace ya tuna cewa a Darmasau manzo ba ya isa gaban Sarki kai tsaye. Sai ya bi ta zauren Sarkin Dogarai, ya bi ta hannun Waziri, Galadima ya ji, Ma'aji ya ji. Ya so ya tura a dawo da shi, amma babu dokin da ke da sauran ƙarfin cim masa.

Suka binne matattunsu, suka ɗora masu rauni a kan amalanke, suka kamo hanya a hankali. Ranar da suka hango ganuwa, rana ta take tsaka. Ba tambari, ba guɗa, ba mata a bakin hanya. Ƙofar yamma a rufe take, kuma daga bayan fada wani siririn hayaƙi yana tashi, irin na wutar da ta gama ci.

Aka buɗe ƙaramar ƙofa, Sarkin Dogarai ya fito da mutanensa. Tsohon abokin fama ne, ya kasa ɗaga ido.

"Sannu da dawowa, Madawaki. Allah ya ƙara nasara."

"Me ya ƙone?"

"Gidan Shiru. An sa masa wuta, an datse ƙofar ta waje. Shamaki na ciki, da fursunonin da suka rage. Ba wanda ya fita."

"Wa ya sa?"

Sarkin Dogarai ya ce, "An kama wani da tulun mai a kusa da wurin. Ya ce kai ka aiko shi. An kuma tuna wa Sarki cewa duk majalisa ba wanda ya kai ka ƙin a buɗe gidan. Umarni gare ni in karɓi takobinka, runduna kuma ta tsaya a waje."

Gunaguni ya tashi a bayan Madawaki, ya ji ƙarar takubba suna fita daga kube. Ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Duk wanda ya zare ƙarfe a ƙofar Darmasau, ni zan fara sare shi. Ku mayar." Ya dubi kan ganuwa. Mutane ne cike, rawuna da yawa, rana kuma tana kashe masa ido, bai iya bambance fuska ko ɗaya ba.

"Manzona ya isa wurin Sarki?"

"Labarin nasara ya isa."

"Sauran fa?"

"Ban ji wani saura ba, Madawaki."

Madawaki ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo Barde Duna gaban runduna, a kan doki, hannuwa a ɗaure. Ya ɗaga murya yadda na kan ganuwa za su ji. "Mutanen Darmasau! Ni ne na ce kada a buɗe gidan nan, kuma na yi kuskure. Ga mutumin Kurgai, zai faɗa muku abin da ya faɗa mini, a fili, ba wanda ya taɓa shi. Yi magana, Barde."

Duna ya gyara zama, ya dubi ganuwa. "Ubandawaki Korau bai ci amanarku ba," ya ce da ƙarfi. "Mu ne muka..."

Kibiyar ta zo daga sama, ta shige masa a maƙogwaro. Ya kife a kan wuyan doki. Kan ganuwa ya hargitse, kowa na nuna na kusa da shi, wasu na ihu a kama, ba a san wa za a kama ba. Daga can cikin taron Madawaki ya jiyo muryar tsohuwa, muryar Magajiya, tana cewa, "Mun ji! Wallahi mun ji sunan!"

Madawaki ya sauka daga doki da ƙyar saboda cinyarsa. Ya rufe wa Duna idanu, ya kwance takobinsa ya miƙa wa Sarkin Dogarai da hannu biyu.

"Kai ni gaban alƙali," ya ce.

Sarkin Dogarai ya karɓi takobin, ya riƙe shi kamar mai zafi. "Ba wurin alƙali aka ce in kai ka ba. Majalisa ta ce sai an tambaye ka tukuna."

"A ina? Gidan ai ya ƙone."

"An gyara wani, bayan barga," in ji Sarkin Dogarai, muryarsa can ƙasa. "Tun kafin a sa wutar aka gyara shi."